Masu Hawan Dutsen Adar

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba ne duwatsun Adar suke yin kyan gani. Ruwa ya ja baya, gero ya sunkuyar da kai a kwari, geza da sabara sun yi kore a gangare, iska kuma ta fara sanyi da asuba. A irin wannan lokaci ne na hau wani dutse a yankin Keita, ina dafa ƙasa da hannu inda tsakuwa take zamewa, har na kai fakon da ke bisa. Can na iske abin da ya sa na koma ga littafin da zan yi magana a kansa: jeri-jerin duwatsu da aka shirya da hannu, sun bi gangare kamar zanen tabarma, da ramuka waɗanda itatuwan ƙaya suka girma a cikinsu.

A Turai hawan dutse wasa ne mai tarihi. Suna ƙirga shi tun daga 1786, shekarar da aka fara kaiwa ƙololuwar Mont Blanc, kuma a 2019 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya bisa roƙon Faransa da Italiya da Suwizalan. Duwatsunmu na Keita da Buza da Madawa ba su kai mita 800 ba, nesa da Bagzan na Ayar mai mita 2,022, don haka mai neman suna ba zai zo nan ba. Mai hawa a nan makiyayi ne da ya kau da bisashe daga gonaki har a gama girbi, ko mace mai neman itace, ko kakannin da suka gina gari a jikin dutse saboda mahara. Sai kuma matan da Benedetta Rossi ta rubuta labarinsu a From Slavery to Aid, littafin da ya fito a Cambridge a 2015, wanda ya bi tarihin aiki da mulki a Adar daga 1800 zuwa 2000.

Ginshiƙin littafin shi ne cewa a ƙasa irin wannan, inda ruwan sama ba shi da alkawari, mai iko shi ne wanda yake iya tafiya inda ya so, ya kuma hana wani motsi. Da wannan ma'auni marubuciyar ta auna zamanin bauta, ta auna aikin tilas na Nasara wanda dokar Houphouët-Boigny ta soke a 1946, sannan ta iso ga Projet Keita. An fara wannan shiri a 1984, cikin tsakiyar fari, da kuɗin Italiya, FAO tana gudanarwa, PAM tana ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Maza masu ƙarfi sun tafi bida Najeriya da Kwaddibuwa da Libiya. Waɗanda suka rage, suka ɗauki dutse a ka suka hau gangare, galibinsu mata ne, kuma mafi talaucinsu. Rahotanni suna kiran wannan «sa hannun jama'a». Rossi ta tambayi abin da rahotanni ba su tambaya ba: wace ce ta hau, me ya hana ta tafiya kamar yadda mijinta ya tafi, kuma wane asali ne ya bar ta a wannan matsayi?

A nan littafin ya yi rawar gani, ban kuwa ga yadda mai gaskiya zai musanta shi ba. Mun daɗe muna yabon itatuwa muna mance wuyan da ya ɗauko duwatsun. Haka muke yi da layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon CARE: ana faɗin sunan ƙungiya, ana nuna hoto daga sama, ba a faɗin wanda ya yi ban ruwa da tsaro. Kuma maganar asali, wadda muke rufewa da kunya a zaure, ga ta an shimfiɗa ta a fili. Kada a mance sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa.

Amma ina da ja a wuri guda, kuma daga take ya faro. Wanda ya jera bauta da taimako a layi ɗaya ya riga ya ja mai karatu zuwa ga hukunci kafin ya buɗe shafin farko, ko da cikin littafin ya fi takensa sassauci. Matar da ta karɓi awo da mai a 1985 ba ta da zaɓi mai yawa, gaskiya ne, sai dai abincin hannunta ya shiga, ita ta raba shi a gidanta, kuma ba wanda zai aika a kamo ta in ta fasa zuwa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga wadda kakarta ba ta da shi. Sannan akwai shi dutsen kansa. Ma'aunin tafiya da hana tafiya yana bayyana mulki sarai, amma bai isa ya bayyana abin da ke tsakanin Ba'adare da dutsensa ba. Don wannan sai a haɗa da ayyukan Nicole Échard a kan manoman Adar da borinsu, da na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Nasara, wanda ya fito a 1975. A wurinsu ne ake jin cewa dutse mafaka ne, kuma mazauni ne na waɗanda Azna ke yi wa yanka, tun kafin ya zama filin aiki.

Abin da ya fi damuna bai shafi marubuciyar ita kaɗai ba. Échard da Hamani da Faransanci suka rubuta, Rossi da Ingilishi, alhali da Hausa da Tamajak aka yi hirarrakin da suka zama littattafan. Matan da suka hau dutsen nan a 1984 yau tsofaffi ne, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma ko jikokinsu da suka yi lakkol ƙalilan ne za su iya karanta abin da aka ce game da su a Cambridge. Mu da muke da shafin Hausa a mujalla irin wannan, laifin ya fi kusa da mu. Babi guda da aka mayar Hausa, aka karanta a gidan rediyon karkara a Keita ko Buza, zai jawo gardamar da littafin ya cancanta, kuma masu gardamar su ne za su san inda aka yi daidai da inda aka zarce.

Da na tashi saukowa rana ta yi sama. Na bi wani layin duwatsu da ruwan bana ya ɓalle a tsakiya, ƙasa ta fara zaizayewa ta wurin, ba a kuwa gyara ba. Ƙasa kaɗan na haɗu da wata yarinya da awakinta, tana hawa ba takalmi, ta gaishe ni ta wuce.