Farfaɗo da Waƙoƙin Imfiraji: Matsalar Rubutu da Rerawa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yunƙurin da ake yi na mayar da Waƙoƙin Imfiraji na Alhaji Aliyu Namangi (1894–1990) bakin matasa, mu ga abin da littafin ya riƙe da kuma abin da ya saki.

Namangi makaho ne, da ka ya tsara waƙoƙin nan a Zariya, wasu suka rubuta masa. Makafi masu bara ne suka yaɗa su kasuwa-kasuwa, har ƙauyukan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu irin su Dingaya, inda mutum zai haddace baitoci bai taɓa ganin littafin ba. Wato rerawa ce ta riga takarda isa. Yau kuwa yaro da littafi yake fara gamuwa, galibi bugun boko na kamfanin NNPC na 1972 ko wanda aka sake bugawa daga gare shi.

A nan matsalar take. Ma'aunin waƙar Hausa ya dogara ne a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Alal misali, garin da ake zama a cikinsa da garin tuwo rubutunsu ɗaya, alhali gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa. A zancen yau da kullum ma'ana takan warware wannan. Amma Imfiraji cike take da kalmomin Larabci da tsohuwar Hausa, waɗanda ɗalibi bai taɓa jin an furta ba, sai ya ja inda ya kamata ya taƙaita, ɗango ya karye. Ajami ya fi boko adalci a nan, domin alif da wawu da ya suna nuna inda za a ja wasali. Sai dai shi ma bai rubuta muryar da ake rera waƙar da ita ba.

Masu ɗaukar waƙa a situdiyo sun cike wannan giɓi da fiyano. Ba mu ga laifin sabuwar murya ba, don binciken Bruce Hayes da Russell Schuh na 2019 ya nuna cewa waƙa ɗaya mai karin rajaz mawaƙa daban-daban sukan rera ta da rauji daban-daban, ma'auninta bai rushe ba. Abin da muke suka shi ne a tilasta wa baiti bin bugun na'ura. Baitin Imfiraji ɗango biyar ne, na biyar yana ƙarewa da "ba", kuma sau da yawa wannan "ba" ta korewa ce, ita ke rufe jimlar da aka buɗe tun farko. In aka saka amshi a tsakiyar baiti, ko kiɗa ya haɗiye gaɓar ƙarshe, to an taɓa ma'anar wa'azin kansa.

Akwai abin koyi a Amurka. Littafin waƙoƙin coci mai suna The Sacred Harp, wanda aka fara bugawa a 1844, ya ba kowane sauti siffa, guda huɗu kacal, don manomi ya iya rerawa ba tare da ya yi makarantar kiɗa ba. An sake gyara shi a 1991, masu rerawa ne da kansu suka yi aikin.

Ba lallai mu ari siffofinsu ba. Bugun da muke bukata shi ne mai ajami da boko suna fuskantar juna, da alama a kan kowane dogon wasali. Kafin wannan kuwa, sassan Hausa na kwalejojin ilmi su tura ɗalibai kasuwanni su ɗauki muryoyin tsofaffin makafin da suka rage, a rubuta garin kowane da wanda ya koya masa.