Kamara ta iso, barewa ta riga ta tafi

Tun Sallar da ta wuce ɗan yayata ya hana ni sakat da bidiyon mafarautan Amurka. Wai akwai wata kamara mai batir da ake ɗaurewa a jikin itace, da zarar dabba ta gitta sai ta ɗauke ta, dare ko rana. Shi da abokansa a Sabon Birni har musu suke a kan inda ya fi dacewa a rataye ta. Yaran da ba su taɓa bambance sawun gada da na ɗan akuya ba!

Na zauna na kalli bidiyon har ƙarshe. Ga ilimin da ake ta kambamawa: ka sa ta a mashaya ko inda turbobi biyu suka haɗu, tsayinta ya kai ƙugu, ta fuskanci arewa kada rana ta ɓata hoto, ka share ciyawar gabanta kada iska ta riƙa tayar da ita, kada ka bar warinka a wurin. In ban da zancen rana, wanne ne kawuna bai sani ba? Tsohon nan da adakarsa da karnukansa uku, in ya tsuguna ƙarƙashin aduwa ya murza kashi da yatsa, zai gaya maka barewa ce, jiya da almuru ta ci, kuma ta nufi gulbi. Da na nuna masa, cewa ya yi: "Ɗana, wagga aba ta san inda iska ka busowa?"

To mu ce ka saya. Wa za ka ɗauka? Fadamun Bunsuru da Rima sun zama gonakin albasa da shinkafa. Dajin Gundumi kuwa, kowa a Isa ya san masu shi yanzu. Ka rataye kamara can, babura za ka samu cikin katinka, in ma ka dawo. A ƙasar da kalmar infoma ke kashe mutum, kai ne za a gani kana ɗaura ido a jikin gawo? Kamara mai aiko hoto ta waya ma sai da sabis, ga shi ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni.

Abin dariyar, su kansu masu abin sun fara ƙosawa. Jihar Arizona ta haramta farauta da irin wannan kamara tun farkon 2022, don kowace mashaya ta cika da idanu, dabba ba ta da wurin ɓuya.

Gaskiya ɗaya zan ba kamarar: wajen ƙirga dabbobin da suka rage tana da rana, kamar yadda masu kula da namun daji suka yi amfani da ita a Yankari. Wannan kam na sallama. Amma ƙirga daban, farauta daban.

Samari, kuɗin kamarar nan ku sayi goro da shi ku je zauren Sarkin Baka tun yana da rai. Wanda kuma ya riga ya saya, ya ɗaure ta bakin garke, ko ya ga mai kwance masa tumaki.