“Maganin gajiya ne”: sharhi a kan sunayen da ake ba ƙwaya, daga Tour de France zuwa fadarmu

A hutun da ya wuce na koma gida Sarkin Yamma. Kamar kullum, dare na yi sai fada, ana dafa shayi ana gardamar ƙwallo. Wani abokina ɗan kabu-kabu, wanda ke jigilar mutane tsakanin garinmu da Maradi, ya zaro ƙwaya biyu daga aljihu ya kora da shayin farko. Na ce mishi, “Kai, wannan fa?” Ya ce, “Maganin gajiya ne, malam.” Duk wanda ke zaune a wurin ya san tramol ce, amma ba wanda ya kira sunanta. Ni kuma da nake karatun ilimin harshe a Yamai, kalmar da ya zaɓa ita ce ta tsaya mini a rai.

Ƴan uwa ɗalibai, wannan tramol ɗin dai ita ce ta sa aka soke sakamakon wani babban ɗan tseren keke a Tour de France ta 2022. Bin diddigin labarin ne ya kai ni ga hirar da Lance Armstrong ya yi da Oprah Winfrey a talabijin ɗin Amurka a watan Janairu na 2013. A kan wannan hira zan yi sharhi, da kuma kalmomin da masu tseren keke suka daɗe suna rufe asirinsu da su, don na ga irinsu ne muke amfani da su a nan.

Ga wanda bai saba ba, Tour de France tseren keke ne da ake yi tun 1903. Mako uku ake yi ana tafiya, zango 21, kilomita wajen 3,500, har da hawan duwatsu masu tsawo. Armstrong ya ci wannan tsere sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga ciwon daji. Duniya ta ɗauke shi gwarzo. A watan Oktoba na 2012 hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta Amurka, USADA, ta fitar da rahoto mai ɗauke da shaidar abokan tserensa da yawa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da hukuncin: an ƙwace nasarorin bakwai ɗin, an haramta mishi tsere har abada. In ka duba jerin zakaru yau, shekaru bakwai ɗin nan babu sunan kowa. Ba a ba na biyu ba, domin da yawa daga masu bi mishi su ma hannunsu ba tsabta.

Hirar ta fara da kyau. Matar ta ce tambayoyin farko “e” ko “a'a” kawai take so. Ka sha EPO? E. An yi maka ƙarin jini? E. Ka yi amfani da testosteron da kortizon? E. A duk nasarorin bakwai? E. Cikin ƴan mintoci ƙaryar shekara goma sha ta rushe. Abin lura a nan shi ne tsarin tambayar ne ya kama shi, don tambaya mai ƙofa biyu ba ta barin wurin zillewa.

Kafin wannan rana, jimlar da Armstrong ya fi maimaitawa ita ce gwaji bai taɓa kama shi ba. Ku saurari jimlar da kyau. An tambayi mutum, “Ka saci akuyar?” ya ce, “Ba a taɓa ganina da akuya ba.” Tambaya a kan aiki take, amsa kuma a kan shaida. Sannan gwajin ma yana da tarihinsa. EPO sinadari ne da ƙoda ke yi don ƙara jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ga tsoka. Likitoci sun samar da na allura don masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci. Mai lafiya in ya yi allurar, numfashinsa kan yi tsawo a kan dutse, amma jininsa ya yi kauri har ya iya daskarewa ya tsayar da zuciya. Sai a shekara ta 2000 aka samu gwajin da ke gano shi. Wato akwai shekaru da cewa “gwaji bai kama ni ba” ba ya nufin komai. Kuma a 1999 gwaji ya nuna kortizon a jikinsa, aka rufe da takardar likita da aka mayar da kwanan watanta baya. Wannan ma ya amsa shi a hirar.

Inda hirar ta fi ba ni haushi, kuma ta fi koya mini abu, shi ne lokacin da aka tambaye shi ko a wancan zamani yana jin cewa maguɗi yake yi. Ya ce a'a. Ya ce har ƙamus ya buɗe ya duba ma'anar kalmar, ya ga ana nufin samun fifikon da abokin karawa ba shi da shi, shi kuwa a ganinsa kowa na sha, don haka filin daidai yake. To, kun ji aikin ƙamus a hannun mai laifi. Ya zaɓi ma'anar da za ta wanke shi ya bar sauran. Filin kuwa ba daidai yake ba. Mai kuɗi ne ke ɗaukar ƙwararren likita irin Michele Ferrari, wanda shi ma aka haramta mishi harkar wasanni har abada. Jikin wani ya fi na wani karɓar allurar. Sannan akwai waɗanda suka ƙi sha sam, kuma “kowa” ɗin Armstrong bai ƙirga su ba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Christophe Bassons, Bafaranshe. Yana cikin ƙungiyar Festina lokacin da asirinta ya tonu a watan Yuli na 1998, sa'ad da jami'an kwastan suka kama Willy Voet a kan iyakar Beljiyam da Faransa, motarsa cike da allurai da ƙwayoyi. Abokan Bassons da kansu sun shaida cewa shi ba ya sha. A Tour ta 1999 yana rubutu a jarida yana faɗin abin da yake gani. Sauran ƴan tsere suka juya mishi baya, Armstrong ya same shi a kan hanya ya gaya mishi maganganu, daga ƙarshe ya bar tseren bai gama ba. Emma O'Reilly, wadda ke yi wa Armstrong tausa, ta faɗi gaskiya, ya maka ta kotu ya kuma ci mutuncinta a bainar jama'a. Ɗan jarida David Walsh ya yi shekaru yana bincike, aka kai jaridarsa ƙara har ta biya kuɗi. Duk wanda ya kira abin da sunansa, shi ya fara shan hukunci, tun kafin mai laifin.

Ku duba kalmomin da suke amfani da su. Sunan aikin Willy Voet a Faransanci “soigneur”, wato mai jinya, mai kula da lafiyar ɗan tsere. Shirin allurai kuma “préparation” ake ce mishi, shiri kawai. A ƙungiyar Armstrong EPO na da sunan ɓoye, “Edgar”, kamar wani aboki ne ake jira. Wanda ba ya sha, ana cewa yana tsere a kan burodi da ruwa, wato abin tausayi. Hukuma ma ta shiga wannan wasan. A 1997 UCI ta sa doka cewa in jajayen ƙwayoyi suka wuce kashi 50 cikin 100 na jinin mutum, za a dakatar da shi mako biyu “don lafiyarsa”, ba a kira shi mai maguɗi ba. Ƴan tsere suka fahimci dokar yadda ta yi musu: ka sha, amma ka tsaya a 49. Wannan gwajin ne ya fitar da Marco Pantani daga tseren Italiya a 1999 yana kan gaba, saura kwana biyu a gama. Bai ƙara dawowa daidai ba. An tsinci gawarsa a ɗakin otel a Rimini ranar 14 ga Fabrairu 2004, hodar ibilis ta kashe shi yana da shekara 34. Tun kafinsa, ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux yana da shekara 29, da ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, cikin tsananin zafi.

Babban raunin hirar Oprah, a ganina, shi ne ta mayar da duk wannan labarin mutum ɗaya. Ga mugu, ga ikirari, ga ɗan hawaye, a tashi. Armstrong ya ƙi ambaton sunayen wasu, ba a kuma matsa mishi sosai ba. Ya rasa masu ɗaukar nauyinsa irin su Nike, a 2018 ya yarda ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 5 don a kashe shari'a. Amma mai kallo bai ji komai ba a kan yaro ɗan shekara 21 da aka ce mishi ko ya “shirya” ko kwantiraginsa ya ƙare. Masu ƙungiya, da likitoci, da kamfanonin da ke son sunansu ya haye dutse a gaban kamara, duk sun fita ta bayan gida.

Yanzu mu dawo kan tramol. Asalinta maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin ofiyom. Ƴan tsere suna shanta don kada su ji raɗaɗin ƙafa a ƙarshen zango, ita kuwa tana kawo jiri da gyangyaɗi, ga mutum cikin ayarin kekuna fiye da 150 a guje. UCI ta hana ta a lokacin tsere daga 1 ga Maris 2019. A 2022 aka same ta sau biyu a jinin Nairo Quintana ɗan Kolombiya, wanda ya zo na shida. Ya musanta, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, bai yi nasara ba. A nan ma an yi wasa da kalma: an ce dokar lafiya ya karya, ba dokar shan ƙwaya ba, don haka ba a dakatar da shi ba. Duk da haka ya rabu da ƙungiyarsa, ya yi shekarar 2023 ba shi da ƙungiya. Sai daga 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya, WADA, ta sa tramol cikin jerin abin da aka haramta a lokacin gasa.

A asibiti ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a tashoshinmu da kan teburan masu sayar da magani a rana akwai mai 200, akwai mai 225. Abokina biyu ya kora a gabana, kuma dare ne, ban san nawa ya sha da safe ba. Yawanta na kawo farfaɗiya, kuma jiki na sabawa har ya zama in ba ita ba a iya tashi.

Na san abin da wani zai ce: ɗan kabu-kabu ba gasa yake ba, wa ya cuta? Gaskiya ne, ba lambar kowa ya sace ba. Yana da kuɗin da zai kai wa mai moto kowace yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Ɗan ƙwadago a gona yana da kunyar da zai gama kafin a biya shi. Shi ya sa ban zo in zage su ba. Amma ku lura, matsin da ke kansa shi ne ke kan ƙaramin ɗan tseren can: ka sha ka yi aikin mutum biyu, ko a ba wani. In biyar suka sha, na shida da bai sha ba shi ake kira malalaci. Shi ne Bassons ɗinmu. Kuma akwai fasinja a bayan moto, wata ƙila uwa ce da goyo.

Kalmar “magani” a Hausa tana da faɗi. Na asibiti magani ne, saiwa da sassaƙe magani ne, laya da guru da rubutun da ɗan kokowa ke shiga fili da su a dandalin Kantu na Maradi su ma magani ne. Ɗan kokowa a gaban kowa yake ɗaura layarsa, abokin karawarsa ma ya ɗaura tasa. Hatsarin shi ne ƙwaya ta laɓe a bayan wannan kalma mai mutunci, don Bahaushe ba ya hana mutum shan magani. Haka kuma “ƙwayoyin ƙara kuzari” da muke ji a labaran wasanni na rediyo. Kuzari abin yabo ne. Kunu ma yana ƙara kuzari, goro ma haka. Yaron da ya ji an kama zakara da abin ƙara kuzari, abin da zai riƙe shi ne abin yana aiki.

Shawarata gare mu masu rubutu a wannan ɗan littafi ƙarama ce. In wasa ne, mu rubuta “maguɗi da ƙwaya”. In tramol ce, mu ce tramol, mu faɗi miligiram nawa. In za mu yi tambaya, mu yi irin ta farkon hirar nan, mai “e” ko “a'a”. Kuma kada mu tsaya kan mai sha, mu tambayi wa ya shigo da ita, wa ke sayarwa, wa ke cin ribar gajiyar da ake “magancewa”.

Ni ma a daren nan shiru na yi, na karɓi kofin shayina kamar kowa. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan same shi shi kaɗai, ba a gaban fada ba, in tambaye shi guda nawa yake sha a yini, kuma in kira ta da sunanta.