Jinjina ga Masu Gano Sunayen Furanni

Masu gano sunan furen okid da sauran tsirran ado na cikin gida sun cancanci jinjina, domin aikinsu sai mai haƙuri. Dangin okid kaɗai sun kai nau'i kusan 28,000, ban da sama da 100,000 da aka samar ta hanyar haɗa iri. Da zarar takardar suna ta ɓace daga tukunya, mai tsiron ya shiga lalube.

Gwanayen sukan duba kaurin ganye da yanayin saiwa da kumburin gindi, inda wasu okid ke adana ruwa. In babu fure sai su ce a dakata ya buɗe, domin siffarsa ce ke raba gardama. A lambun Kew da ke Landan akwai busassun tsirrai kusan miliyan 7 da masana ke kwatantawa da su. Ƙungiyar masu aikin lambu ta RHS da ke Ingila kuwa tun 1961 take riƙe da rajistar okid masu haɗaɗɗen iri.

Amfanin aikin a fili yake. Wanda ya san okid ɗinsa nau'in Phalaenopsis ne zai dasa shi a ɓawon itace, ya rage ban ruwa don kada saiwar ta ruɓe. Mai tsiron ado na Dieffenbachia zai nisanta shi daga yara, saboda ruwan ganyensa yana ƙona baki.

Kuma in hujja ba ta cika ba, gwani na gaskiya ba ya laƙaba wa tsiro sunan da ba nasa ba. Allah Ya ƙara musu basira.