Jenifa da Barkwancin Baƙauyiya a Birni

Wawan da ke tuntuɓe da abubuwan zamani tsohon jari ne ga masu barkwanci a Najeriya. A ƙasar Yarbawa, Moses Olaiya, wato Baba Sala, ya ci kasuwarsa da shi, Baba Suwe ya biyo baya. A wajenmu kuma marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe wannan fage har rasuwarsa a 2014. Duk maza ne. Mace a irin waɗannan wasanni yawanci mafaɗaciyar matar gida ce, ko wadda aka ajiye don a tsokane ta. Funke Akindele ce ta ɗauki rawar wawan sukutum ta ɗora wa mace, kuma jama'a suka bi ta.

An haife ta a Ikorodu ta jihar Legas a 1977. Masu kallo sun fara saninta ne a 1998 cikin shirin talabijin I Need to Know, wanda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyi don faɗakar da matasa kan lafiyarsu. Can ta fito a matsayin Bisi, ɗaliba mai natsuwa. Bayan shirin ya ƙare ta koma finafinan Yarbanci, har a 2008 ta fito da Jenifa.

Labarin na Suliat ne, 'yar ƙauyen Aiyetoro da ta shigo makaranta a Legas, ta sauya suna zuwa Jenifa, ta dage sai ta shiga sahun manyan 'yan mata. Kayan da take sawa kowane launi na faɗa da ɗan'uwansa. Idan ta buɗe baki da Turanci sai ta karya shi ta kowace gaɓa, tana ɗaga kai, ko gezau. Wannan rashin shakkar shi ne gishirin abin. Kuma ba aikin wasa ba ne: Funke ta karanta aikin jarida, ta kuma yi digirin shari'a a Jami'ar Legas. Sai wanda ya san ƙa'ida sarai ne ke iya karya ta daidai inda dariya za ta ɓarke. Rawar ta ba ta kyautar gwarzuwar jaruma a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2009.

Sai dai fim ɗin farko ya bi tsohon layi: yarinya ta yi kwaɗayi, ta bi maza masu kuɗi, ta ƙare da cutar ƙanjamau. An yi dariya da ita, sannan aka hukunta ta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Funke ta janye wannan hukunci da ta dawo da Jenifa's Diary a talabijin a 2015. Jenifar wannan karo mai gyaran gashi ce da karatu ya kuɓuce wa, tana fafutikar neman na kanta. Turancin na nan a karye, amma ita ce mai riƙon amana, mai tsaya wa ƙawayenta irin su Toyosi da Kiki idan ta ɓaci. Sannu a hankali dariyar ta juya kan masu auna darajar mutum da lafazinsa. Duk wanda aka taɓa yi wa dariya a aji ko a ofis don ya kuskure kalma ya san wannan ciwo, kuma mu 'yan Arewa ba baƙinsa ba ne.

Ina da ƙorafi guda biyu. Wa'azi kan yi wa shirin yawa, har wani lokaci barkwancin ya tsaya cak ana jiran a gama nasiha. Sannan akwai sassan da ba a tanadi komai ba sai karya Turanci, kuma a nan dariyar kan koma kan talakan da bai samu makaranta ba.

Duk da haka, Funke ta mallaki aikinta: tana rubutawa, tana shiryawa, tana ba da umarni. Omo Ghetto: The Saga a 2020 da Battle on Buka Street a 2022 kowanne ya kafa tarihin ciniki a gidajen sinima. A Tribe Called Judah, wanda ya fito a Disamban 2023, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1. A ciki ta fito a matsayin uwar 'ya'ya biyar, kowanne ubansa daga wata ƙabila daban, Uzee Usman ya zama ɗanta Adamu. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, 'ya'yan suka shirya fashi don kuɗin magani. Rabin fim ɗin raha ne, rabinsa kuka, kuma mutane sun biya kuɗin tikiti don su ga duka biyun daga wajenta.