Shingen Yankuna da Matanin Fim: Nazari a kan Faifan Finafinan Zane na Japan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wata matsala da ta shafi masu tara finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda aka fi sani da anime, a kan faifai. Sau da yawa akan ɗauki batun hana shigo da faifai da kulle shi ga yanki ɗaya a matsayin al'amarin 'yan kasuwa kawai. Mu kuwa muna ganin ya shafi manazarci kai tsaye, domin wannan shinge yakan sauya matanin fim ɗin kansa, har ya zama abin da mai kallo ya gani a wata ƙasa ya bambanta da abin da masu fasahar suka shirya. Za mu fara da bayanin yadda shingen yake, sannan dalilin kafa shi, daga nan mu kawo misalan ɓarnar da ya yi wa wasu ayyuka.

2.0 Yadda Aka Kasa Duniya

Faifan DVD ya fara fitowa a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1997. Tun daga farko kamfanonin da suka tsara shi suka kasa duniya yanki shida. Amurka da Kanada su ne yanki na 1. Japan da Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu na 2. Kudu maso Gabashin Asiya na 3. Kudancin Amurka da Ostareliya na 4. Yawancin Afirka, har da Nijeriya da Nijar, tare da Rasha da Indiya na 5. Ƙasar Sin kuwa ita ce na 6. Kowane faifai yana ɗauke da lambar yankinsa, na'urar da lambarta ta saɓa sai ta ƙi kunna shi. Daɗin daɗawa, akwai tsohon bambancin tsarin talabijin: Japan da Amurka suna kan NTSC, yawancin Turai kan PAL. Saboda haka ko da Japan da Ingila suna yanki ɗaya, fim ɗin da aka mayar PAL yakan ƙara gudu da kimanin kashi 4 cikin 100, muryoyi da kiɗa su ɗan sauya.

Da faifan Blu-ray ya fito a 2006 sai aka rage yankunan zuwa uku. Nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Kudu maso Gabashin Asiya suka zama yankin A. Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya yankin B. Sauran kuma yankin C. A nan ne sabuwar matsala ta kunno kai, wato haɗa Japan da Amurka a yanki ɗaya.

3.0 Dalilin Shingen

Yawancin finafinan zane na talabijin a Japan wani kwamiti ne na kamfanoni yake zuba kuɗin shirya su: mawallafin littafin da aka ɗauko labarin, da gidan talabijin, da kamfanin kiɗa, da mai buga faifai. Shekaru da dama cinikin faifai yana daga cikin manyan hanyoyin mayar da wannan jari. Al'adar kasuwar Japan ita ce a zuba kashi biyu zuwa huɗu kacal na shirin a faifai guda, a sayar da shi da tsada ga 'yan tsirarun masoya. A Amurka kuwa akan haɗa kashi goma sha biyu ko fiye a kwali ɗaya, a kuɗin da bai fi na faifai ɗaya ko biyu a Tokyo ba. Muddin na'urar mutumin Tokyo za ta kunna faifan Amurka, me zai hana shi yin odarsa daga can?

Wannan fargaba ba ta rasa tushe ba, kuma adalci ne mu faɗi haka. Idan kasuwar gida ta rushe, jarin shirya sabon fim zai ragu. Japan ma ta gyara dokarta ta haƙƙin mallaka, wadda ta fara aiki a 2005, don hana dawo da faifan waƙoƙinta masu araha da aka buga domin kasuwannin waje. Abin da muke suka shi ne magungunan da aka zaɓa a fagen finafinan zane, domin da yawansu jikin aikin suka taɓa. Akan jinkirta fitowar faifan waje da watanni ko shekara. Akan kulle fassarar da ke ƙasan allo yadda ba za a iya gusar da ita ba. Wani lokaci kuma akan tsauwala kuɗi, kamar yadda Aniplex of America ya sayar da akwatin Kara no Kyoukai a 2011 a kan kusan dala 400.

4.0 Ɓarnar da Ta Shafi Matani

Misali mafi bayyana shi ne Persona 4: The Animation. Lokacin da Sentai Filmworks ya fitar da shi a Amurka a 2012, faifan DVD yana ɗauke da muryoyin Japananci da na Ingilishi, amma na Blu-ray muryoyin Ingilishi kaɗai aka bari, bisa sharaɗin masu haƙƙin a Japan. Wato ke nan mai saye ya zaɓi hoto mai kyau ba tare da muryoyin asali ba, ko muryoyin asali da hoto mai rauni. A fasahar da 'yan wasan murya suke ɗauke da rabin nauyin labari, wannan nakasa ce da aka yi da gangan.

Wani nau'in shingen kuma daga rikicin haƙƙin mallaka yake tasowa. Shirin Macross na 1982 an haɗa shi da wasu shirye-shirye biyu da ba su da alaƙa da shi, aka fitar da Robotech a Amurka a 1985. Takaddamar da ta biyo baya tsakanin Harmony Gold da kamfanin Big West ta hana yawancin ci gaban Macross fita waje ta halattacciyar hanya, har sai da suka sasanta a 2021. Manazarcin da ke wajen Japan, in yana son ganin waɗannan ayyuka a tsawon wannan lokaci, sai dai ya sayo faifan Japan wanda galibi ba shi da fassara, ko ya koma ga kwafin sata.

Haka nan Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno, wanda aka fara nunawa a 1995. Bayan kamfanin ADV Films ya watse a 2009, faifansa ya ɓace daga kantunan Amurka, tsofaffin kwafi suka yi tsada. Da Netflix ya kawo shi a 2019, ya zo da sabuwar fassara da sababbin muryoyi, kuma a wajen Japan an cire waƙar da ke rufe kowane kashi. Ke nan masu sharhi biyu za su iya yin gardama a kan ma'anar wata magana a cikin shirin, alhali kowannensu fassara dabam ya gani.

Hukumomin tace finafinai ma suna da hannu. A Ingila, inda dokar 1984 ta wajabta tantance faifan bidiyo kafin sayarwa, an yanke wani ɓangare na kashi na takwas na Paranoia Agent, aikin Satoshi Kon na 2004, daga faifan DVD. Tun kafin zamanin faifai ma, an yanke fiye da minti 20 daga Nausicaä na Hayao Miyazaki, aka sake masa suna Warriors of the Wind a 1985, cikakkensa bai fito a Amurka ba sai a 2005.

5.0 Matsayin Mai Tara Faifai

Wasu za su ce kallo ta intanet ya kashe wannan magana. A ganinmu bai kashe ta ba, domin kamfanonin da ke nuna fim ta intanet su ma suna rufe shi ga wasu ƙasashe, kuma sukan janye shi idan wa'adin izini ya ƙare. A watan Afrilu na 2024 aka rufe manhajar Funimation bayan haɗe ta da Crunchyroll, kwafin intanet da masu sayen faifai suka samu tare da faifansu bai bi su zuwa sabon gidan ba. Faifan da ke kan kanta shi ne ya saura a hannunsu. Don haka mai tara faifai, da na'urarsa mai kunna kowane yanki, yana yin aikin da ya yi kama da na mai adana rubutattun littattafan hannu: yana riƙe da kwafi mabambanta na aiki ɗaya, waɗanda sai da su za a gane abin da aka cire da abin da aka ƙara.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa shingen yankuna, wanda aka kafa don kare farashi, ya haifar da matani fiye da ɗaya ga ayyuka da dama. Saboda haka muna ba da shawara cewa duk mai sharhi a kan fim ɗin zane na Japan ya bayyana bugun da ya yi amfani da shi, da shekararsa, da yankinsa, da fassarar da ke cikinsa, kamar yadda manazarcin waƙa yake faɗin kwafin da ya dogara a kansa. Ɗakunan karatu na jami'o'i da ke koyar da fim su ma ya dace su tanadi faifan yankuna dabam-dabam da na'urorin kunna su. Faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016 ba shi da lambar yanki, amma ɗimbin shirye-shiryen da muke nazari a DVD da Blu-ray kaɗai suke, kulle kuma yana nan a jikinsu.