Gandhara da Durɓi ta Kusheyi: Sharhi kan Ma'aunin "Tasirin Baƙi"

A shekarar 1905 masanin Faransa Alfred Foucher ya fitar da juzu'in farko na littafinsa kan gumakan Buddha na Gandhara, yankin Peshawar a Pakistan ta yau, inda ya jingina asalinsu ga fasahar Girkawa. Hujjarsa a bayyane take: ninkin mayafi, lanƙwasar gashi da yanayin tsayuwa duk sun yi kama da sassaƙen Girka da Rum.

Sai dai hujjar tana da rauni. Askandar na Makadoniya ya iso yankin wajen 326 kafin Miladiyya, alhali sassaƙar ba ta bunƙasa ba sai a zamanin daular Kushan, bayan fiye da ƙarni uku. Tudun da ke bisa kan gunkin, dogayen kunnuwa da isharorin hannu kuwa daga aƙidar Indiya suka fito. A 1927 Ananda Coomaraswamy ya kafa hujja da gumakan Mathura, waɗanda suka tsiro daga al'adar gida.

Irin wannan ma'auni ya shafi ƙasar Katsina. H. R. Palmer, wanda ya tona kaburburan Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a 1907, ya saba danganta kafuwar sarautun Hausa ga baƙi daga gabas, ra'ayin da Yusufu Bala Usman ya soka. Tonon 1992 ya fito da wuri, duwatsun ado da tasar ƙarfe daga Gabas ta Tsakiya. Kayan baƙi ne, amma binne mamaci da dukiyarsa ba koyarwar Musulunci ba ce. Mutanen wurin sun karɓi kayan, suka sanya su cikin al'adarsu. Kayan aro na nuna hanyar fatauci, ba ya nuna wanda ya mallaki ma'ana.

Hukuncin shari'a kan sassaƙa gumaka sananne ne, kuma nazari ba yarda ba ne. Al-Biruni ya bayyana gumakan Indiya dalla-dalla a Tahƙiƙu Ma Lil-Hind ba tare da ya saki tauhidi ba. Saboda haka ɗalibin da zai binciki kufai a gindin duwatsun Dutsin-Ma ko Kurfi ya kamata ya tambayi inda abu ya fito, sannan ya tambayi abin da mazauna wurin suka yi da shi. Wanda ya tsaya a tambayar farko ya miƙa wa baƙi tarihin kakanninsa. Allah ne Mafi sani.